Rairayin Inna a Kan Garanito

A shekarar da na kammala jami'a a Yamai na koma gida Tawa ina jiran aiki, sai yayana ya ɗora mini wani aikin da ban nema ba. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Ya yi shekaru yana kasuwanci a Abijan, kuma tun bayan rasuwar mahaifinmu shi yake riƙe da gidan daga nesa. Ya yanke shawarar a rushe tsohuwar madafa, a faɗaɗa ɗakin zama, a haɗa su biyun da ƙofa guda, sannan a yi musu irin daɓen da ya gani a gidajen can. A nan muna kiransa garanito. Tsakuwa ce ake kwaɓawa da siminti a zuba, a bari ta kama, sannan a goge ta da inji har ta yi santsi, ƙwayoyin dutsen su fito fili kamar an yanka su da wuƙa. Yaya ya ce ni ne idonsa a wurin, kuma zai zo babbar salla ya ga aikin da kansa. Na riƙe maganar da ƙarfi, ina jin har fiye da yadda shi ya nufa.

Mu huɗu ne a gidan: Inna, da matar yaya wadda 'yar Tebaram ce, da 'yarsu da ta fara rarrafe a lokacin, sai ni. Sunan Inna aka sa wa yarinyar, saboda haka babu mai kiranta da shi. Takwara muke ce mata.

Inna mutuniyar Barmu ce, kuma ta zo birni da wata al'ada da ba ta taɓa bari ba. Ƙasan ɗakinta da na madafarta rairayi ne. Sau biyu a shekara mai amalanken jaki yakan kawo mata shi daga gindin korama, ta zauna ta tankaɗe shi da rariya kamar gari, ta shimfiɗa. Kowace rana gab da magariba takan bi shi da tsintsiya mai laushi tana ja da baya, har ta fito bakin ƙofa ba tare da ta bar sawunta ba. Da safe kuma, kafin kowa ya taka, takan tsaya a bakin ƙofar ta sunkuya ta duba. Ina yaro na ɗauka tsabta ce kawai. Sai dai nakan ji ta ce ɓera ya kwana wurin buhun hatsi, ko kunama ta bi ta gindin randa, a ɗaga randar a hankali. Aka ɗaga kuwa sai a tarar da ita. Na girma ina jin haka har ya zame mini kamar gaisuwar safe, abin da ake ji ba a saurara.

Mai garaniton da muka ɗauka mutumin Damagaram ne, dattijo mai ƙaramin jiki, wanda siminti ya cinye masa layukan tafin hannu. Ranar farko ya zo da ƙananan ƙulli na tsakuwa iri-iri ya zazzage a kan tabarma domin a zaɓa. Na ɗauki hotuna na aika wa Yaya, ya ce in zaɓa da kaina tunda ni na yi karatu. Na zaɓi ja mai duhu irin na duwatsun Adar, a gauraya shi da fari da baƙi kaɗan. Na ma yi wa mai aikin bayanin dalilina, cewa ina son ɗakin ya yi kama da ƙasar da aka gina shi a kanta.

"Ɗan lakwal ke nan," in ji shi, wato ɗan boko. "Ni dai na san launin nan ba ya nuna dauɗa. Shi ya sa mata suke son shi."

Inna tana gefe tana tsinke yakuwa. Ta miƙo hannu ta ɗebi tsakuwar da na haɗa, ta watsa a tafinta, ta daɗe tana kallo.

"Abin da ba ya nuna dauɗa," ta ce, "mi za shi nuna?"

Muka yi dariya, har matar yaya. Inna ta mayar da tsakuwar ta ci gaba da tsinkar yakuwarta.

Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka faɗa. An rushe madafar a tsakiyar bazara, aka tara ɓaraguzanta a jikin katangar gabas, kusa da buhunan tsakuwa, suka yi makonni a wurin. Aka kwashe rairayin Inna da shebur aka zubar a tsakar gida. Aka zuba kankare, sannan mai garanito ya kafa siraran gilasai a tsaye, ya raba ƙasan gida-gida, domin kada daɓen ya tsage idan zafi ya buɗe shi. A madafa ya gina dogon dakali na girki a jikin bango, da wurin wanke-wanke a ƙarshensa, ya lulluɓe samansa da gabansa da garanito iri ɗaya da na ƙasa. Ƙarƙashin wurin wanke-wanken rufaffe ne, babu ƙofa, bututun ruwa ne kawai ya ratsa ta cikinsa.

Bayan an zuba sai shayarwa. Mai aikin ya ce garanito a zafin Tawa kamar jinjiri yake, idan ya yi ƙishi sau ɗaya ya lalace har abada. Kwana bakwai ina ɗibar ruwa safe da yamma ina kwararawa, na rufe da tsofaffin buhuna. A lokacin da ƙasar gari duka ta bushe ta tsattsage, gidanmu kaɗai ne a unguwar yake da laima. Kwana na uku na ɗaga buhu na ga kwaɗo. Kwana na biyar sun fi goma, ban san daga inda suka fito ba. Inna ta tsaya ta dube su, ta dubi tarin ɓaraguzan, ta ce a kwashe shi. Na ce sai an gama aiki, a kwashe gaba ɗaya.

Gugar ta ɗauki kwana huɗu, domin wutar lantarki tana zuwa tana tafiya. Injin yana kuka, ruwa mai launin toka yana malala har ƙofar gida. Da aka wanke aka goge, na tsaya ina kallo. Ɗakin ya yi sanyi, ya yi sheƙi, hasken taga yana kwance a ƙasa kamar a kan ruwa. Mai garanito ya tara mu ya yi mana gargaɗi, yana ɗaga yatsa.

"Abu ɗaya nake roƙo, Hajiya. Rairayi. Kada ya shigo nan, ko a tafin ƙafa. Shi ne maƙiyin aikin nan. Ƙwaya ɗaya in aka taka ta aka ja, ta bar zane, kuma zanen ba ya fita sai an dawo da inji."

Ya dube ni. Na ce masa na ɗauki alkawari. Na sa tabarmar goge ƙafa a bakin kowace ƙofa, kuma ni da kaina nake goge ɗakunan da tsumma.

A makon farko Inna ta yar da allura a ɗakin zama, muka nema mu uku ba mu gan ta ba. Ta yar da ɓarin goro, jan goro, sai da na kwanta na sa kuncina a ƙasa na hango tudunsa. Takwara kuwa ta sami abin wasa. Takan rarrafa ta tsaya a kan wata ƙwayar tsakuwa, ta sa 'yan yatsunta biyu tana ƙoƙarin tsince ta, ta kasa, ta matsa ga ta gaba. Duk abin da yake da ɗigo-ɗigo sai ta kai masa hannu. Na ɗauke ta a waya tana haka na aika wa ubanta.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata da la'asar, bai yi yawa ba. Washegari na dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, na tarar da Inna tsugune a tsakar gida, wurin da aka zubar da tsohon rairayinta. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ɗaga mini hannu alamar in tsaya inda nake.

"Zagayo ta nan. Kak ka taka."

Na zagaya. A kan rairayin da ruwa ya lafar akwai wasu zane-zane gajeru, a karkace, ɗaya bayan ɗaya, kamar an riƙa ajiye guntun igiya ana ɗagawa. Sun taso daga tarin ɓaraguzai, sun ratsa tsakar gida, sun zo daidai ƙofar sabuwar madafa, wadda ƙasanta yake da 'yar tazara. A nan suka ƙare, domin daga nan garanito ne.

"Igiyar ƙasa ce," in ji Inna. A gidanmu ba a kiran abin da sunansa. Zan rubuta shi sau ɗaya domin a san wadda ake nufi: kububuwa. "Ga inda tas shiga. Na zagaye gidan ga sau ukku, ban ga inda taf fita ba."

Duk wanda ya tashi a Adar ya san ta. Gajeruwa ce, ba ta kai tsawon hannu ba, kuma ba ta gudu idan an matso ta. Wanda ta sara, jini yakan ƙi tsayawa a jikinsa. Babban mutum yakan kai asibiti idan an yi sauri. Ban bar kaina na ƙarasa tunanin abin da zai sami yarinya mai wata tara ba. Abin da ya tsaya mini a rai a lokacin shi ne launinta: ja mai duhu, da ɗigon fari, da baƙi kaɗan.

Muka fitar da komai. Maƙwabta biyu suka shigo da sanduna, muka kwashe tukwane da buhuna da kujeru da tabarmi muka zube a rana, muka kakkaɓe kowanne. Ɗakunan suka zama wayam. Na tsaya a bakin ƙofa ina bin ƙasan da ido, gida bayan gida, tsakanin layukan gilashi. Idan mutum ya daɗe yana kallon garanito, ƙwayoyin sukan fara motsi. Sau biyu na ɗaga sanda, sau biyu babu komai. Maƙwabtan suka ce ta fita tun kafin gari ya waye, suka yi mana jaje suka tafi.

Inna ta ce ba ta fita ba. Ta ce a kawo rairayi a tankaɗe, a shimfiɗa a madafa da ɗakin zama kafin magariba, a rufe ƙofofi, da safe za ta gaya mana inda take kwana.

Na ce ba zai yiwu ba. Na faɗa da ladabi, na kawo dalilai a jere: mun bincika ba mu ga komai ba, mai aikin ya yi gargaɗi, saura kwana goma sha biyu Yaya ya iso. Na ce zan sayo maganin feshi. Sannan na kira Yaya, na sa wayar a fili domin ta ji da kunnenta.

"Rairayi? Bisa garanito?" Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "Kai, Inna ho! Ku ce mata ta yi haƙuri, wanga ba Barmu ba ne. Gida mai siminti mi za ta ci ciki? Ka sa a kwashe ɓaraguzan nan, ka yi feshi, shi ke nan. Kuma kak ka bari a ɓata min kwizin, ka ji ko?" Sabuwar madafar yake nufi.

Inna ba ta magana da ɗanta na fari kai tsaye, ba ta kuma kiran sunansa. Ta dubi bango ta ce, "A hwaɗa ma mutumin Kurmi na ji." Kurmi muke ce wa garuruwan kudu irin su Abijan.

Da la'asar na fita neman mai amalanke da zai kwashe ɓaraguzan. Na dawo gab da magariba na tarar ta riga ta yi abin da ta ce. Ta tankaɗe tsohon rairayin, ta shimfiɗa shi siriri a madafa, tana bakin ƙofa da tsintsiyarta tana gyara layin ƙarshe. Abin da na yi a lokacin ina rubuta shi yadda ya faru. Na jira ta shiga alwala, na ɗauko tsumma mai laima da bokiti, na durƙusa na kwashe shi a hankali, ina ɗagawa ba na ja, domin kada ya yi zane. Na yi aikin da kyau. Da ta fito ta gan ni a durƙushe, hannuna yana shiga har lungun dakali, ta tsaya.

"Fid da hannunka daga nan," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Kwana huɗu suka biyo baya waɗanda ba na son tunawa. Matar yaya ta goya Takwara ba ta sake sauke ta ba, sai a kan gado, ita ma tana zaune kusa. Yarinyar da ta saba yawo ta riƙa kuka tana miƙa jiki tana son ƙasa. Bayan uwar ya yi ƙuraje saboda zafi. Inna ta daina shiga sababbin ɗakunan gaba ɗaya, ta kafa duwatsu uku a tsakar gida ta koma girki da itace. Ni kuma na yi feshi har sau biyu, gidan ya cika da wari, na riƙa gaya wa kowa cewa an gama.

Tsakanina da matar yaya akwai wasa irin na ƙanen miji, kuma ba ta taɓa raga mini ba. A kwanakin nan wasan ya canza.

"Maigida ƙarami," takan ce idan na wuce, "an gaida mai gadin daɓe. Ka goge shi yau? Halan in ta sare mu, ka jawo mu waje da sauri kada mu ɓata ma yayanka wuri."

"Ba komai a ciki. Na duba."

"To shiga ba takalmi mana. Ga ƙohwa nan."

Ban shiga ba. Tun ranar Laraba ban sake taka garaniton ba sai da rufaffen takalmi, kuma ta lura.

Ranar Lahadi da hantsi matar yaya ta shiga madafar ɗauko babbar tukunya, Takwara tana bayanta. Ina tsakar gida ina wanke babur ɗin Yaya. Ban ji ihu ba. Na ga dai ta fito da baya, a hankali, ba tukunya, hannunta ɗaya yana tallafe da goyon. Ta zo har inda nake ta tsaya.

"Wa ya ɗora mai a wuta?" ta ce.

"Wane mai?"

"Na ji ana suya. Ka san in ruwa ya ɗiga cikin mai mai zahi? Haka. Wajen wurin wanke-wanke." Ta gyara goyon. "Ba wuta cikin kwizin ɗin nan yau kwana huɗu."

Inna ta ajiye muciya. Ni ma na san abin da ake nufi, ko da yake ban taɓa ji da kunnena ba. Idan abin ya ji motsi kusa, yakan naɗe jikinsa ya riƙa goga ɓawonsa da juna, sai ya ba da wannan ƙarar.

Matar yaya ta ce gobe za ta shiga motar Tebaram da 'yarta, in ya so Yaya ya zo ya yi salla da daɓensa. Babu wasa a muryarta. Inna ba ta hana ta ba, ba ta kuma dube ni ba.

Tsohon rairayin ya riga ya gauraye da ƙasa da toka. Na hau babur na tafi bakin korama a arewacin gari, na cika buhu biyu, na ɗaure a baya na dawo. Na ajiye su a gaban Inna na kwance bakinsu. Ta sa hannu ta murza, ta ce ya yi. Mu biyu muka tankaɗe shi, ita da rariya, ni ina zuba mata. Da la'asar sakaliya na sa takalmi na shiga na watsa shi yadda ta nuna mini, daga bango zuwa bango, madafa da ɗakin zama. Ina jin yadda yake ƙara a ƙarƙashin takalmina, ina kuma sane da abin da kowane taku yake yi wa sheƙin. Inna ta ɗaura tsintsiyarta a kan doguwar sanda, ta lallashe shi tana ja da baya. Muka rufe ƙofofi, muka toshe tazarar ƙasansu da tsumma.

Da gari ya waye muka buɗe. Inna ce a gaba, ni a bayanta, matar yaya daga nesa da jakarta a ɗaure.

Ko ni na iya karantawa. Sawun ya fito daga gindin dakali, daidai inda bututun ruwa ya shiga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Akwai wata 'yar kafa a wurin da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, a cikin inuwa, wadda launin garaniton ya ɓoye. Na goge wurin da hannuna sau da yawa ban gan ta ba. Daga nan sawun ya bi jikin bango, ya ratsa ƙofar tsakiya, ya shiga ɗakin zama. Ya je har ƙarƙashin taga, wurin da ya fi ko'ina sanyi, inda muke shimfiɗa wa Takwara zane da rana. A nan rairayin ya murje, ya yi da'ira, alamar ta daɗe a kwance. Sannan wani sawun ya koma ta ɗaya bangon, ya shige cikin kafar.

"Hita ɗaya, shiga ɗaya," in ji Inna. "Tana ciki."

Na aika aka kira mai garanito. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga rairayi shimfiɗe a kan aikinsa, ya dafe kai. Na nuna masa sawun, sai ya sauke hannun. Ya tsuguna daga nesa ya leƙa kafar, ya ce mai haɗa bututu ne ya bar ta, shi kuma bai koma ya duba ba. Ya ce abin mai sauƙi ne: a kwaɓa siminti kaɗan a toshe, ta mutu a ciki, ba sai an fasa komai ba.

"Ta mutu yaushe?" in ji matar yaya daga tsakar gida. "Baba, kai za ka zo ka hwaɗa min ranar da ta mutu? In bututun yana da wata kahwa ta baya fa?"

"Ba ni kwana gida ɗaya da ita, ko da rai ko ba rai," in ji Inna. "Sai na gan ta da idona."

Dattijon ya shafa gaban dakalin da ido, daga sama har ƙasa. Ya taɓa gaya mini cewa a duk aikin, wannan fuskar ce ta fi ba shi wuya, domin da hannu ya goge ta. Ya buɗe jakarsa ya ciro guduma da kurfin fasa dutse, ya miƙo mini.

"Ni ba na fasa abin da na yi. Kai ne wakilin mai gida. Ka fara daga sama, nesa da ramin, kada ka sa ƙafarka a gabansa. Ni zan riƙe sanda."

Na yi tunanin kiran Yaya. Wayar tana aljihuna. Na bar ta a can.

Garanito yana da tauri. Bugu uku na farko ƙura kawai suka tayar. A na huɗu tsaga ta bi ta gangara, sai ƙarar ta taso daga ciki, a fili, ba tsayawa, kamar an zuba ɗanyen nama a tafasasshen mai. Na dakata. Mai garanito ya ce, "Ci gaba, ɗan lakwal, ba ta iya tsalle ta dutse." Na ci gaba. Wani babban ɓari ya faɗo ciki, haske ya shiga, na ga laima da gansakuka da ƙasusuwan kwaɗi. Ban gan ta ba. Ina kallon ɓaraguzan garaniton da suka zuba a ramin, ja da fari da baƙi, sai wani sashe nasu ya zame ya naɗe. Sandar dattijon ta sauka kafin in ja da baya.

Ya fito da ita a kan shebur ya ajiye a tsakar gida. Ba ta kai tsawon da na zata ba. Inna ta zo ta tsaya a kanta, ta duba kaurinta, ta koma ta duba sawun da ke cikin ɗaki, ta sake dawowa. Mai garanito ya sare kan ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida ya binne. Ya ce zai dawo ya gyara dakalin, amma ba shi da sauran irin tsakuwar, sai ya aika an kawo, kuma ba kafin salla ba.

Da azahar na kira Yaya na gaya masa duka, har da fasa dakalin, har da rairayin. Tambayarsa ta farko ita ce:

"Ɗiyar fa?"

"Lafiyarta lau."

"Har ina ka ce sawun ya kai?"

Na sake faɗa masa. Na ji ya ce wa wani a kusa da shi ya dakata. Sannan ya ce in ba matarsa wayar, na ba ta, na bar wurin.

Ba ta tafi Tebaram ba, amma ba ta kwance jakarta ba, kuma ba ta sauke goyon ba. Da yamma Inna ta sake lallashe rairayin ta rufe ƙofofi. Na tambaye ta ko tana ganin akwai wata. Ta ce ba ta ce akwai ba. Safiya ta farko babu komai sai sawun kiyashi. Ta biyu ma haka. A ta uku ta daɗe a bakin ƙofa fiye da kullum, ta shiga da ƙafarta ba takalmi, ta zagaya ɗakunan biyu, ta leƙa ramin da na fasa. Ta fito ta je bayan surukarta ta kwance zanen goyon da hannunta.

"Inna, a bari sai gobe."

"Gobe ma hakanan za ki ce. Kawo min takwarata."

Ta ajiye ta a tsakiyar ɗakin zama. Yarinyar ta zauna tana kallonmu, kamar ta manta yadda ake yi. Sannan ta kifa hannuwa ta fara tafiya, da sauri, tana dariya, rairayi yana manne mata a gwiwa. Uwarta tana biye da ita a sunkuye, hannuwanta a buɗe. Ta ratsa ƙofar tsakiya ta shiga madafa, ta nufi fasasshen dakalin kai tsaye, inda ramin yake a buɗe, baƙi, ɓaraguzai masu ɗigo-ɗigo zube a bakinsa. Na san babu komai a ciki. Na duba shi da fitila a safiyar nan. Saura taku ɗaya ta kai hannu na tsallaka na ɗauke ta, ta fasa kuka, kuma babu wanda ya ce in mayar da ita.